HANYAR HAYAƘI: KAFA BUTUTU GA MURHUN ITACE

Laccar da aka gabatar a Birnin Ƙonni, gaban taron magina da maƙera da iyayen gida daga Ƙonni, Malbaza da Illela

 

     

Shugabannin wannan taro sun ɗora mini nauyin in yi bayani a kan yadda ake kafa wa murhun itace bututun hayaƙi, ta fuskar da zai fitar da hayaƙin daga madafi ba tare da ya jawo gobara ko wata ɓarna ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, sa'ad da saƙon ya iske ni sai da na ji nauyi, domin ƙasar da aka haifi Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikinta, a Maratta kusa da Galmi, a shekarar 1754, ba wurin da mutum zai miƙe gaban malamai ba ne yana zancen toka da kunkunniya. Amma da na koma ga littattafan da muka ɗan leƙa a zaure muna yara, sai hankalina ya kwanta, gama Shaihu Halilu a cikin Muhtasar, inda yake lissafa abin da ya wajaba a kan miji na nafaƙa, bai ji ƙyamar ambaton itacen girki ba, ya jera shi tare da ruwa da mai da gishiri. To, in itace wajibi ne a kan maigida, hayaƙin itacen fa, na wane ne? Da wannan mas'ala zan tafi, kuma na kasa maganata kashi shida, waɗansu dogaye, waɗansu gajeru, gwargwadon abin da ke cikinsu.

NA FARKO: ABIN DA KE CIKIN HAYAƘI

Hausawa suna yi wa hayaƙi kirari da fid da na kogo, kuma gaskiya ne yana fitar da gafiya daga rami, yana korar zuma daga amya. Amma akwai wadda bai taɓa fitarwa ba, ita ce matar da ta yi talge ta zuba gari, domin in ta saki muciya ta fita shan iska, tuwon mutum goma sha biyar ya yi gudaji. Ina iya tuna madafin mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, a tsakiyar damina: ɗaki ne mai ƙofa ɗaya ba taga, kunkunniya ta sauko daga azara tana reto kamar gemun bunsuru, ita kuwa tana durƙushe tana fifita jiƙaƙƙiyar sabara da faifai, hawaye na zuba tana sharewa da gefen zane, ƙanwata kuma tana goye a bayanta, kanta daidai inda hayaƙin ya fi kauri. Mu maza muna zaure muna jira, in tuwo ya makara har mu yi ƙorafi.

A haƙiƙa hayaƙi itace ne wanda bai samu ƙonewa ba. Idan itace ya ɗauki zafi yakan saki waɗansu iskoki, waɗanda in sun samu zafi isasshe da iska isasshiya su ne ke zama harshen wuta, in kuwa ba su samu ba sai su tashi ɗanye, su zama abin nan da ke sa mu hawaye. Saboda haka duk hayaƙin da kuka ga yana fita ta ƙofar madafi, kuɗin itacen da aka sayo ne yake tafiya. A cikinsa akwai dafi iri biyu da likitoci suka fi tsoro. Ɗaya shi ne wata irin ƙura mai laushin gaske, wadda sai an jera ƙwayoyinta wajen talatin kafin su kai kaurin silin gashi, ba ta tsayawa a hanci, sai ta zarce can ƙarshen huhu. Ɗayan kuwa iska ce da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, jini kuma yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau ɗari biyu da ɗoriya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a nan muka fi sani da OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Cututtukan da ta lissafa kuwa mun san su da sunayensu na gida: ciwon haƙarƙari ga jarirai, tari mai daɗewa da sarƙewar numfashi ga tsofaffin mata waɗanda ba su taɓa kusantar taba ba, ciwon zuciya, shanyewar jiki, da yanar ido. Mu dai Allah ya yi mana sauƙi ta fuska guda, gama yawancin shekara a tsakar gida ake girki, inda iska ke kwashe hayaƙin. Wahalar tana zuwa ne da damina, sa'ad da ruwa ya kora mata cikin ɗaki da itace jiƙaƙƙe, da kuma hunturu, sa'ad da iska ke watsa wuta, a shige ciki a ja ƙyaure, yara su kewaye murhu suna jin ɗumi.

NA BIYU: SHIN BUTUTU YANA MAGANI?

Wani zai ce, malam, wannan duk mun ji, amma ina hujjar cewa ƙarfen da za ka sa mu saya zai rage wani abu? Tambaya ce ta adalci, kuma zan kawo shaidu uku, biyu suna goyon bayana, ɗaya yana ja mini kunne.

Shaida na farko daga ƙasar Sin ne, daga gundumar Shuwanwei a lardin Yunan, inda mutane ke ƙona kwal a rami tsakiyar ɗaki ba mafita, har matansu, waɗanda ba su shan taba, suka shiga cikin waɗanda sankarar huhu ta fi kashewa a ƙasar duka. Da suka koma ga murhu mai bututu, binciken da aka buga a 2002 ya nuna haɗarin cutar ya ragu da kashi 40 cikin 100 ko fiye. Na biyu daga duwatsun ƙasar Gwatemala ne, inda daga 2002 zuwa 2004 Farfesa Kirk Smith da abokan aikinsa suka bi gidaje fiye da 500 masu jarirai, aka gina wa rabi murhu mai bututu, rabi suka zauna da wutarsu ta gado. Hayaƙin cikin madafi ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, ciwon haƙarƙari mai tsanani ya ragu da wajen sulusi, amma abin da yaran suka shaƙa rabi kaɗai ya ragu, saboda yaro ba a madafi ɗaya yake wuni ba, hayaƙin da aka fitar kuma yana nan yana yawo a unguwa.

Shaida na uku, wanda nake roƙon ku riƙe shi fiye da sauran, daga jihar Odisha ne a ƙasar Indiya. Wata ƙungiya ta gina wa gidaje fiye da 2,000 murhun laka mai bututu, masana uku kuma, cikinsu har da Esther Duflo wadda daga baya ta sami kyautar Nobel a 2019, suka bi gidajen shekara huɗu. A shekarar farko hayaƙin da masu girki ke shaƙa ya ragu. Bayan nan sai amfanin ya ɓace, har ba a ga wani bambanci ba a lafiyar mutane ko a yawan itacen da suke ƙonawa, ba don murhun ƙarya ne ba, sai don laka ta tsage ba a liƙe ba, bututu ya toshe ba a share ba, mata suka gaji suka koma ga murhunsu na dā. Ashe ba mu san irin wannan ba? Famfo nawa aka kafa a ƙauyukanmu da kiɗa da jawabi, yau awaki ke kwana a gindinsu?

NA UKU: ABIN DA KE SA BUTUTU YA JA

Duk wanda ya bi babbar hanya ta Malbaza ya ga dogayen bututun gidan siminti, wanda ke aiki a can tun shekarun 1960, kuma ƙa'idar da ke tafiyar da su ita ce ke tafiyar da namu na madafi, illa dai su suna ƙarawa da injuna. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi. Idan aka tsare ta cikin bututu a tsaye sai ta hau, ta bar gurbi a ƙasa, iskar ɗaki ta rugo ta bakin murhu don ta cike gurbin, ta hura wutar, ta tura hayaƙin gaba. Ja yana ƙaruwa da tsawon bututu da zafin abin da ke cikinsa, yana raguwa da kowace kwana da kowace kafa da iska mai sanyi za ta kutsa.

Daga nan hukunci na farko ya fito, cewa duwatsun murhu uku ba su karɓar bututu. Ni na koyi wannan da kunya. Ina saurayi, sabon fitowa daga lakwal, na je wa yayata hutu a wani ƙauye gabas da Galmi, na sa wani maƙerin fari ya naɗe mini gwangwanaye ya haɗa su bututu, na rataya shi bisa duwatsunta. Hayaƙi ya dube shi ya bi ta gefe. Sai na kewaye murhun da laka, na kwantar da bututun kamu uku a kwance, na huda bango na fitar da bakinsa ƙarƙashin rufi, yana fuskantar gabas, a cikin watan Janairu. Iskar hunturu ta shiga bakin nan ta dawo da hayaƙin duka har da toka cikin miya. Yaya ta fito tana tari, ta ce, "Kai ɗan nan, boko ya yi maka yawa, kwashe mini tarkacenka." Da na koma da damina na tarar ta sa an mai da shi indararo, kuma wallahi a can ya yi aiki.

Murhu da bututu jiki ɗaya ne. Wajibi ne wuta ta kasance a rufe cikin ginin laka, da baki ɗaya na sa itace, tukunya kuma ta zauna cikin ramin da aka yanka daidai cikinta, ta nutse har kusan wuya, ta liƙe bakin ramin, ta yadda hayaƙi ba shi da hanya sai ya lashi gindinta da gefenta, ya wuce ƙarƙashin tukunyar miya, sannan ya shiga bututu. Murhunan da aka yaɗa a ƙasar nan tun shekarun 1980, irin Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka, an yi su ne don tattalin itace, kuma sun yi abin da aka yi su dominsa, amma hayaƙinsu a ɗaki yake tsayawa. Kuma ina gargaɗin magina da abu biyu. Kada a auna rami da tukunyar da ke kasuwa, a auna shi da tukunyar matar gidan, a tambaye ta tsawon da take so, a tsaye take tuƙi ko a zaune, domin tuƙin tuwo aikin ƙarfi ne, murhun da bai riƙe tukunya gam ba kuwa ba zai yi mako guda ba. Sannan kada hanyar da ke ƙarƙashin tukunya ta yi faɗi, gama bututu mai ƙarfin ja a kan hanya mai faɗi zafin yake kwashewa ya kai wa sararin sama, sai a wayi gari hayaƙi ya ragu amma itace ya ninka, alhali kuwa kowa ya san nisan da mata ke yi yanzu kafin su haɗa dami ɗaya na geza ko sabara. Abin da masana murhu suka daidaita a kai shi ne, faɗin bakin murhu da na hanyar ciki da na bututu su yi kusa da juna. Ga murhun gida, bututu mai faɗin santimita 10 zuwa 15 ya wadatar. A bar wata kafa kuma a ƙasan ƙyaure ko a bango, gama bututu ba ya fitar da abin da ba a mayar masa da madadinsa ba.

NA HUƊU: INDA BUTUTU KE RATSA RUFI

A nan ne gobara take, kuma a nan zan daɗe. Rufinmu iri uku ne, jinka da soro da kwano, kowanne da hukuncinsa.

Jinka dai fatawata a kanta gajera ce: kada a ratsa ta da bututun ƙarfe ko kusa. Ciyawar da ta sha ranar bazara ba ta bukatar harshen wuta, tartsatsi ɗaya ya ishe ta, kuma a ƙauyen da ɗakuna da rumbuna da dangar kara suke manne da juna, gobarar gida ɗaya ta gari ce. Mai jinka ya yi wa matarsa rumfar girki a buɗe, nesa da rumbu, da ɗan gajeren bango ta gabas mai tare iska. Wannan ya fi masa alheri fiye da bututun da zai hana unguwa barci.

Soro kuwa yaudara gare shi, domin ido yana ganin ƙasa, alhali ƙarƙashin ƙasar azara ce da zana ko kara. Itacen da ke jingine da ƙarfe mai zafi ba ya kamawa ran farko. Yana gasuwa ne a hankali, wata da watanni, yana bushewa yana komawa gawayi, kuma gwargwadon gasuwarsa gwargwadon raguwar zafin da yake bukata ya kama, har ranar da za a yi girkin suna ko na biki, a wuni ana cusa itace, da dare bayan kowa ya kwanta sai azara ta ci a ɓoye cikin rufi. Ƙa'idar masu kashe gobara a Amurka ita ce, tsakanin bututun ƙarfe tsirara da duk abin da wuta ke ci a bar santimita 45, wanda a awonmu kamu ɗaya ne, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ba kowane soro ne zai ba ka wannan fili tsakanin azara da azara ba, saboda haka hanyar da na fi so ita ce a bar rufin lafiya, a gina murhu jikin bango, a huda bangon, tun da laka ba ta cin wuta, a fitar da hayaƙin ta ɗan gajeren maƙogwaro mai hawa sama, sannan a gina bututun da tubali ko jan bulo a waje, manne da bango, har ya wuce rufi. Kada kwana ta wuce biyu, kada wani sashe ya kwanta. Wannan hanya tana da wata fa'ida kuma, gama duk magini ya san cewa ramin da aka huda a soro nan ne ruwan Agusta zai fara nema.

In kuwa larura ta sa sai an ratsa rufin, to a sa hannun riga: a samo bututun yumɓu mai faɗi daga masu ginin tukwane, ko tsohuwar randa da aka fasa wa gindi, a kafa ta cikin rufin nesa da azara, bututun ƙarfe ya bi ta tsakiyarta bai taɓa ta ba, a cike tsakaninsu da toka, a ɗaga mata dakali a bisa soro, a shafe da siminti yadda ruwa zai gangara, a sa wa bututun wani faifan ƙarfe kamar malafa ya rufe mahaɗar. Siminti wurinsa ke nan, a sama inda ruwa yake; mutanen Malbaza su yi mini gafara, amma a cikin murhu inda wuta take ba shi da aiki, fashewa yake yi, yumɓu da yashi da toka sun fi shi. Mai rufin kwano shi ma kada ya ce ya tsira, domin kwanon a kan katako yake zaune. Ya zaɓi tsakiyar tazarar katakai, ya yanka ramin da sarari, ya rufe da faifan ƙarfe.

Game da tsawo, ƙa'idar ita ce bakin bututu ya wuce inda ya ɓullo da santimita 90, wato kamu biyu, kuma ya ɗara da santimita 60 duk abin da ke kusa da shi cikin mita 3, ko rawanin soro ne, ko bangon maƙwabci, ko reshen dogon yaro. Dalili kuwa, iska in ta daki abu mai tsawo takan juyo ƙasa a bayansa, bututun da ke cikin wannan juyi kuma shaƙa yake yi maimakon fitarwa. A sa masa hula saboda ruwa, da tazarar da ba ta gaza faɗin bututun ba, kuma in na ƙarfe ne a ɗaure shi da waya ta fuska uku, domin iskar da ke gaban hadari a ƙasar nan, wadda ke yaye kwanon lakwal, ba za ta ji tausayin ɗan bututu ba. Daga ƙasa kuma, kamu biyu ko uku na farko a yi su da tubali, saboda hannun yaro mai rarrafe.

Maƙera, ga naku. Baƙin ƙarfe mai ɗan kauri shi ne abin nema. Farin kwanon rufi in ya yi zafi ƙwarai yana sakin tururi mai sa zazzaɓi, kada a sa shi kusa da wuta. Durom ko gwangwanin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari na albasa ko na auduga, haramun ne a wannan aiki ko an wanke shi sau bakwai. Wanda ke da fenti kuma a ƙone fentin a fili kafin a naɗe shi. Bututun roba kuwa ba sai na faɗa ba, ko da yake na taɓa gani da idona.

NA BIYAR: SHARA

Hayaƙi in ya taɓa bango mai sanyi yakan bar wani baƙin maiƙo kamar kwalta, yana taruwa yana ƙuntata hanya, kuma shi kansa makamashi ne, ranar da ya kama za ku ji bututu yana ruri kamar jirgi, ƙarfe ya yi ja, tartsatsi na tashi bisa rufi. Ɗanyen itace da jiƙaƙƙe su ne uwar wannan maiƙo, haka leda da tsohon takalmi da waɗansu ke hura wuta da su. Itacen damina tun bazara ake tanadinsa, a faskare, a jingine ƙarƙashin rumfa. Sai a bar ƴar ƙofa a gindin bututu, wadda ake toshewa da bulo ɗaya, duk mako biyu a buɗe a kwashe abin da ya zubo, a ɗaura tsumma ko buhu a kan gora a zura daga sama. A farkon damina kuma, bayan watannin da aka yi ana girki a waje, a leƙa kafin a hura wuta, domin zanzaro ba ya ganin rami mai duhu ya ƙyale, tsuntsu ma haka. Tsaga kuwa a liƙe ta ranar da aka gan ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ta nan kuma hayaƙi ke samun wurin fita. In bututu ya kama wuta, a toshe bakin murhu da bulo ko yashi don a yanke masa iska, a fitar da yara, a jiƙa rufi.

Wa zai hau soro ya yi wannan shara? Matar da ke goye? Na bar wa mazan da ke nan amsa, tare da tunatar da su abin da Muhtasar ya jera.

NA SHIDA: MAƘWABCI, DA ABIN DA BUTUTU BAI IYA BA

Bututu ba ya kashe hayaƙi, ƙaura yake sa shi, saboda haka sai a duba inda aka kai shi. Malaman Malikiyya sun riga mu tunani a kan wannan: Ibnur Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14 na Miladiyya, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya tattara hukunce-hukuncen hayaƙin gidajen burodi da na wanka, inda aka rarrabe tsakanin cuta daɗaɗɗiya da maƙwabci ya tarar, da sabuwa da aka ƙago masa, wadda yake da haƙƙin a kawar. Wanda ya saita bakin bututunsa ga tagar maƙwabci ya ƙago sabuwa. Masu gidan burodi da masu tuya a cikin unguwa, wannan ya shafe ku fiye da kowa.

Iyayenmu mata kuma za su ce hayaƙi yana korar sauro, yana tsare azara daga gara, yana kiyaye zangarniyar iri da aka rataya. Ban musa ba; sai dai sauro gidan sauro ne maganinsa, iri kuma ana iya ajiye shi cikin toka, huhun jariri kuwa ba shi da madadi. Haka nan bututun madafi ba ya isa ɗakin kwana, inda ake shiga da kaskon garwashi da hunturu, ko ɗakin mai jego da ake rufewa ruf a hura wuta. Garwashin da ba ya hayaƙi shi ne ya fi sakin iskar nan marar wari, alamarta ciwon kai da jiri da kasala, wanda ya ji su ya buɗe ƙofa ya fitar da kowa, kuma sunna ta riga ta hore mu da kashe wuta kafin barci. Wanda Allah ya hore wa gas, wanda matatar Damagaram ke fitarwa tun 2011, shi ya fi duk abin da na faɗa tsabta. Maganata ga mafi yawanmu ce, waɗanda za su daɗe tare da itace.

Roƙona ga shugabanni ɗaya ne. Mutanen Illela da Badagishiri sun san yadda tassa, wato ramukan shukar nan, ta yaɗu: a ƙarshen shekarun 1980 waɗansu manoma suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga ramukan da idonsu, suka dawo suka gwada a faƙo, maƙwabta suka ga hatsi ya tsaya inda dā ko ciyawa ba ta fita, suka kwaikwaya ba wanda ya tilasta musu. A gina murhu ɗaya mai bututu a kowace gunduma, a gidan da mata ke shiga da fita, magini da maƙeri na garin su yi shi da hannunsu, a bar shi ya ci damina ɗaya da hunturu ɗaya, sannan a tambayi matar gidan, a kuma ɗaga ido a dubi azararta.

 Yanzu fili na masu tambaya ne, kuma da izinin shugaba ina so a fara ba iyayenmu mata, domin na hango wata Hajiya can baya tana girgiza kai tun ina zancen ramin tukunya. Bismillah, Hajiya.